Abokin tafiya: hidimar da ta mayar da ƙanena kan maganin HIV a Bronx

Idan kana da ɗan'uwa a New York mai ɗauke da ƙwayar cutar HIV, kuma shaye-shaye ya hana shi riƙe magani, ka nema masa asibitin da ke da abokin tafiya. Shawarata ke nan tun daga farko. Abin da zai biyo baya dalilaina ne, haɗe da wuraren da hidimar ta gaza, don kuwa ta gaza a wurare masu muhimmanci.

Abokin tafiya ma'aikaci ne da asibiti ko ƙungiya ke biya albashi, amma ba likita ba ne, ba kuma nas ba. Mutum ne da shi ma yake da cutar a jikinsa, shi ma ya taɓa faɗawa harkar ƙwaya ko barasa, Allah ya fitar da shi, aka horar da shi, sannan aka haɗa shi da wanda ke tsakiyar abin a yanzu. Ƙanena, autan gidanmu, ya haura shekara a hannun irin wannan mutum a wani asibitin unguwa da ke kudancin Bronx. Da yardarsa nake wannan rubutu, bisa sharaɗin kada in faɗi sunansa ko na asibitin. Kun san yadda magana ke yawo a tsakaninmu, kafin gari ya waye ta isa Kano.

Aikin gini Auta yake yi har ya faɗo ya ji ciwo a baya, likita ya rubuta masa Percocet, maganin kashe zafi mai ƙarfi da jiki ke sabawa da shi. Takardar magani ta ƙare, ciwon bai ƙare ba, jiki kuma ya riga ya saba, sai ya koma saye a titi. Ƙwayoyin titi a yau kamanninsu ne kawai irin na kantin magani, da yawansu an cuɗa su da fentanil, wanda ya ninka hiroyin ƙarfi kusan sau 50. Barasa ta shigo daga baya. Ciwon huhu ne ya kwantar da shi a asibiti, a nan aka auna jininsa aka ga HIV. Ƙwayoyin garkuwar jikinsa na CD4 sun faɗi ƙasa da 200, ga kuma ciwon hanta nau'in B, wanda ya yi yawa a cikinmu 'yan Afirka ta Yamma, da yawanmu tun ƙuruciya muke ɗauke da shi ba mu sani ba. Aka sallame shi da kwalbar Biktarvy, maganin HIV, ƙwaya ɗaya tak a rana, ko an ci abinci ko ba a ci ba.

Ni sana'ata kula da tsofaffi a gidajensu, don haka jera magani a akwatin kwanakin mako ba baƙon abu ba ne a wurina. Na saya masa akwatin, na saita masa ƙararrawa a waya, na yi nasiha, na yi faɗa, na yi kuka. Sai ya ce, "To, Yaya," in ya sa ƙafa ya fita kuma shi ke nan. Ƙarshen wata in tarar da kwalba ko rabi ba ta yi ba. Likita na yi masa faɗa, ni ina yi, kunya kuma na ƙara korarsa daga wurinmu gaba ɗaya. A wannan halin ne jami'ar jin daɗin jama'a ta asibitin ta tambaye shi ko zai yarda ya zauna da wani wanda ya san abin a jikinsa.

Tambayar farko da kowane baƙo ke yi ita ce nawa za a biya, ta biyu kuma batun takardu. Ko sisi ba mu biya ba. Irin wannan hidima akasari kuɗin shirin Ryan White ne ke ɗaukarta, dokar da majalisar Amurka ta zartar a 1990 da sunan wani yaro ɗan jihar Indiana da ya kamu da cutar ta hanyar sinadarin jini da ake ba shi, ya rasu a wannan shekarar. Shirin na kula da mutum sama da rabin miliyan a faɗin ƙasar. Auta yana da Medicaid, inshorar lafiya ta gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi, ita ke biyan maganin. Wanda ba shi da inshora kuwa akwai ADAP, shirin gwamnati da ke biyan kuɗin maganin HIV, kuma a jihar New York abin da suke dubawa shi ne kana zaune a jihar da kuma abin da kake samu, ba wai sai kana ɗan ƙasa ba. Tun watan Janairun 2010 aka cire HIV daga jerin cututtukan da ke hana mutum shiga Amurka ko samun takardar zama. Har yanzu ina jin mutanenmu na cewa in aka gano kana da ita za a mayar da kai gida, wannan tsoron kuma na hana su zuwa gwaji. Mai damuwa da takardunsa ya nemi a haɗa shi da lauya, ƙungiyoyin da ke wannan aiki da yawa suna da su kyauta.

Wanda aka haɗa su dattijo ne, baƙar fatar Amurka, haifaffen Bronx, furfura ta cinye gemunsa. Bayan ɗan lokaci Auta ya fara kiransa Kawu, ni ma na bi. An gano cutarsa tun zamanin da AZT ne kaɗai magani, ya raka gawar abokai ba adadi kafin haɗakar magungunan 1996 ta zo ta tsayar da mutuwar. Yana da takardar shaida daga cibiyar da ke kula da cutar a ma'aikatar lafiya ta jihar New York, wadda ba a samu sai an yi awa 90 na darasi da awa 500 na aiki a ƙarƙashin mai sa ido, sannan a ci jarrabawa. Na faɗi wannan ne don kada a ɗauka kowane tsohon mashayi ake tsinta a ba shi kati. A zamansu na farko ko kalmar magani bai furta ba. Kofi ya saya masa, ya tambaye shi inda yake kwana, ko ya ci abinci, ko wayarsa na da kuɗi.

Abin da ya fito a zama na gaba shi ne ya sa nake ganin hidimar ta cancanci kowane dala da ake kashe mata. Ashe ba mantuwa ke hana Auta shan magani ba. Da gangan yake tsallakewa. Ya ji a bakin abokan shansa cewa in ka haɗa maganin HIV da barasa ko ƙwaya hantarka za ta fashe, shi kuma an riga an ce masa hantarsa na da ciwo. Saboda haka duk ranar da ya san zai sha, sai ya ajiye Biktarvy don ya tsare ransa. Tunda kusan kullum yana sha, kusan kullum magani na kwalba. Bai faɗa mini ba, don faɗar na nufin ya amsa a gaban yayarsa cewa yana shan giya. Bai faɗa wa likita ba, don ya san amsar: ka daina sha. Kawu kuwa shi ya fara kawo zancen, ya ce shi ma haka ya yi shekaru, ya tambaye shi ko shi ma yana yi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wani bincike da aka yi a Atlanta ya gano kusan rabin masu shan barasa da ke kan wannan magani na tsallake shi da gangan idan suna sha, amma ba na jin akwai likitan da ya taɓa yi wa Auta wannan tambayar kai tsaye.

Kawu bai tsaya a kan bakinsa ba, ya kai shi gaban mai haɗa magani na asibitin, suka warware maganar tare. Tsoron yana da asali. Tsofaffin magunguna irin su efavirenz da nevirapine na rage ƙarfin methadone, maganin da ake ba masu son rabuwa da hiroyin, a jiki har mutum ya shiga ƙishirwar ƙwaya, masu ɗauke da ritonavir ko cobicistat kuma na iya ƙara ƙarfin wasu ƙwayoyin. Shi ya sa dole kowa ya tambaya game da nasa maganin. Amma Biktarvy ba ya cikinsu. Barasa na cin hanta, wannan gaskiya ne, sai dai ajiye maganin ba ya kare ta. Ga mai ciwon hanta nau'in B ma abin ya fi muni, domin biyu daga cikin sinadaran Biktarvy su ne ke danne ƙwayar ciwon hantar, kuma in aka daina shi kwatsam ciwon na iya tasowa da ƙarfi. An rubuta wannan gargaɗin a takardar da ke cikin kwalin. Abin da Auta yake yi don ya ceci hantarsa shi ne ke jefa ta cikin haɗari. Daga ranar dokar Kawu ta zama ɗaya: ko ka sha ko ba ka sha ba, ka haɗiyi ƙwayarka. In ka manta, ka sha da zarar ka tuna, kada ka haɗa biyu.

Wannan dokar ta yi mini nauyi, ba zan ɓoye ba. Ni Musulma ce, an rene ni a kan cewa haram haram ne. Sai ga mutum yana ba ƙanena 'yar takardar gwajin fentanil, yana ce masa in har zai sha kada ya sha shi kaɗai a ɗaki kulle, yana damƙa mini Narcan, maganin feshi a hanci da ke farfaɗo da wanda ƙwaya ta ɗauke wa numfashi, yana koya mini yadda ake kwantar da mutum a gefe a kira 911. A kunnena kamar ana ba shi lasisi ne. Na faɗa wa Kawu haka ido da ido. Amsarsa gajera ce: gawa ba ta daina shaye-shaye. A 2023 mutum sama da 3,000 ne ƙwaya ta kashe a birnin New York, Bronx ce kan gaba in aka kwatanta da yawan jama'a, baƙaƙen fata kuma su ne abin ya fi ci. Na yi tunani na ga cewa tuba sai da rai, kuma kare rai na cikin manyan abubuwan da addininmu ya zo da su. Har gobe ba na son ganin waɗannan 'yan takardun a aljihunsa. Amma Narcan na jakata duk inda zan je, tun 2023 ma ana sayar da shi a kanti ba sai da takardar likita ba, birnin kuma na raba shi kyauta.

Aikin yau da kullum ba wani abin mamaki a cikinsa, naci ne kawai. Kowace safiya saƙo na shigowa wayar Auta, ba a ambaci magani ko asibiti ba, kalma ce da suka shirya tsakaninsu don ko wani ya leƙa ba zai gane ba. In ya amsa, shi ke nan. In ya yi shiru, Kawu ya kira. In waya ta ɓata, kuma ta sha ɓata, Kawu ya san inda zai same shi, wajen mahaɗar titi na 149 da Third Avenue, inda jiragen ƙasa lamba 2 da 5 ke tsayawa. Ya lura akwatin kwanakin mako ba ya aiki ga wanda ba ya kwana wuri ɗaya, sai ya samo masa ɗan ƙaramin gwangwani da ake ratayawa a jikin makulli. Ranar ganin likita ya zo ya ɗauke shi, ya biya masa kuɗin jirgi, ya shiga ɗakin tare da shi in ya yarda, in an fito ya sake faɗa masa abin da likita ya ce da harshen da mutane ke yi. Shi ya bi masa takardun HASA, ofishin birnin da ke taimaka wa masu HIV da kuɗin haya, wanda tun 2016 ya buɗe ƙofa ga duk mai cutar da ke da ƙaramin ƙarfi, ba sai ta kwantar da shi ba. Samun ɗaki nasa na kansa ya gyara shan maganin fiye da duk ƙararrawar da na taɓa saitawa.

Akwai wani abu da sai baƙar fata ɗan ƙasar zai iya yi, kuma a nan ne launin Kawu ya yi aiki. Baƙaƙe kashi 12 zuwa 13 ne cikin 100 na mutanen Amurka, amma kusan kashi 40 na waɗanda ake samu da HIV duk shekara daga cikinsu suke. Ga kuma rashin yarda da asibiti, wanda ba daga sama ya faɗo ba. Daga 1932 zuwa 1972 hukumar lafiya ta gwamnati ta zuba ido a kan ɗaruruwan maza baƙaƙe masu ciwon tunjere a Tuskegee da ke jihar Alabama, ta hana su magani ko bayan an samu penisilin, don a ga yadda ciwon ke cin mutum. Sai a 1997 Shugaba Clinton ya nemi gafara. A titi Auta ya kwashi maganganun cewa da mu ake gwaji, ya haɗa da irin waɗanda muka taso da su a gida kan allurar rigakafi. Likita in ya ji wannan sai ya ce ba gaskiya ba ne ya wuce. Kawu cewa ya yi: an yi, kakanninmu aka yi wa, ga ni kuma ina shan wannan magani shekaru aru-aru, ina raye, waɗanda suka ƙi sha mun binne su. Ya kuma ba shi labarin yadda a 1970 matasan ƙungiyoyin fafutuka na Young Lords da Black Panthers suka mamaye wani sashe na asibitin Lincoln a nan kudancin Bronx, suka buɗe wurin raba mutane da hiroyin da hannunsu, don ya nuna masa cewa talakan unguwa ya daɗe yana jinyar ɗan'uwansa.

Shi ne kuma ya matsa har aka rubuta wa Auta Suboxone, ɗan siririn maganin da ake sawa a ƙarƙashin harshe ya kashe ƙishirwar ƙwaya. An daɗe da sanin cewa farare sun fi samun wannan maganin a ofishin likita, baƙaƙe kuma a tura su layin methadone da sassafe. Tun farkon 2023 aka soke lasisi na musamman da ake buƙata kafin a rubuta shi, don haka likitan da ke duba HIV ɗinka ma na iya rubutawa. Mu ba mu san da haka ba, Kawu ya sani. A nan kuma ya ja layi sosai: maganin HIV ba ya faɗa da barasa, amma Suboxone da barasa ko ƙwayar barci na iya tsayar da numfashi. Wannan bambancin ya maimaita shi har ya zauna a kan Auta.

Sakamakon ya fito a jini. Yawan ƙwayar cutar ya sauka ƙasa da 200 a kowace mililita, daga baya na'ura ta daina ganinta. Wanda ya kai wannan matsayi ya kuma riƙe shi ba ya sa wa abokin kwanciyarsa cutar, abin da manyan bincike suka tabbatar kuma hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta amince da shi a 2017. Ranar da aka yi masa wannan bayanin ne na fara jin ya sake ambatar aure. Ya yi ƙiba, ya koma aiki mara nauyi. Bai rabu da barasa gaba ɗaya ba, kuma ba zan ce ya rabu ba.

Inda hidimar ta fi ba ni haushi shi ne yadda aka ɗora ta kacokan a wuyan mutum ɗaya. Kawu na da mutane da yawa a hannunsa, albashinsa bai taka kara ya karya ba, shi ma kuma mai lalura ne. Da rashin lafiya ta kwantar da shi na wasu makonni, sai aka miƙa Auta ga wani saurayi da ke karanta tambayoyi daga takarda. Babu wanda ya faɗa wa saurayin maganar saƙon safe, balle inda ake samun Auta in ya ɓace. A ɗan wannan tsakanin ya koma titi, kwalba ta sake tsayawa, Allah ne ya kiyaye hantar ba ta taso ba. Ba laifin saurayin ba ne. Laifin tsarin ne da bai tanadi mutum na biyu da mara lafiya ya sani tun farko ba. Sannan lokacin aikinsu Litinin zuwa Juma'a ne, safe zuwa yamma, alhali fitina daren Juma'a da Asabar take zuwa. Kawu kan ɗaga waya da dare don Allah, ba don ana biyansa ba, kuma ba daidai ba ne a gina hidima a kan kirkin ma'aikaci.

Sai batun wa'adi. An rubuta shirin ne na wani ɗan lokaci, in jini ya yi kyau a ce ka kammala a sallame ka. A 2016 mujallar likitoci ta JAMA ta buga sakamakon wani babban gwaji a asibitoci 11 na Amurka, da mutum 801 masu HIV da shaye-shaye, mafi yawansu baƙaƙe. An ba wasu masu rakiya na wata shida, wasu an haɗa musu da kuɗin ƙarfafa gwiwa. Bayan shekara, da aka auna jininsu, babu bambanci tsakaninsu da waɗanda ba a yi wa komai na musamman ba. Masu rakiyar can ba lallai ba ne su kasance masu cutar kamar Kawu, amma abin da na ɗauka daga ciki ya yi daidai da abin da idona ya gani: taimakon na aiki muddin yana nan, in an janye shi mutane na komawa inda suke. Cutar ta rai da rai ce, jarabar ƙwaya ma tana tafiya ta dawo, to don me rakiyar za ta zama ta watanni?

Ba su kuma san mu ba. A takardarsu Auta baƙi ne, shi ke nan, amma baƙin da ya taso a Kano da wanda ya taso a Harlem ba tsoronsu ɗaya ba. An sa taron rukuni ranar Juma'a daidai lokacin masallaci, abincin da ake kawowa fiza ce mai naman alade. Da aka ce za a kira masa tafinta Bahaushe ta waya, ya ƙi, don Hausawan birnin nan 'yan kaɗan ne, yana tsoron muryar da zai ji ta wanda suke sahu ɗaya ce. Babu wanda ya gane dalilin sai da na yi bayani. Da azumi ya matso, Kawu ya ce bai san komai a kai ba, ya ɗauki waya ya kira likita, wannan kuma na yaba masa. Aka mayar da Biktarvy lokacin sahur, aka tsara Suboxone yadda zai faɗo tsakanin buɗa-baki da asuba, aka kuma ce in jiki ya ƙi ya sha ruwa, tunda Alƙur'ani ya yi wa mara lafiya rangwame. An warware, amma da dabarar mutum ɗaya. Asibitin da ke zaune a tsakiyar dubban Musulmin Afirka ta Yamma ya kamata a ce yana da wannan a rubuce, yana kuma da abokan tafiya daga cikinmu. Na san abin da ya hana: aikin na buƙatar ka fito fili ka ce kana da cutar, mu kuma ba mu bar wa kowa wannan damar ba. Rabin wannan laifin namu ne.

Dangi kuma babu abin da aka tanadar musu. Dokar sirrin mara lafiya ta hana su gaya mini komai sai da Auta ya sa hannu a takarda, kuma na yarda da hakan ɗari bisa ɗari, sirrinsa ne. Amma ko bayan ya sa hannun, babu wanda ya zaunar da ni ya ce ga yadda ake zama da mai wannan hali, ga abin da za ki faɗa wa Hajiya in ta kira daga gida tana tambayar me ya ramar da autanta. Abin da na koya, a tsaye a baranda na koye shi daga bakin Kawu.

Wasu shirye-shiryen a birnin na ba da katin sayayya ga wanda jininsa ya yi kyau. Ƙungiyar Housing Works ce ta shahara da wannan, dala 100 duk wata uku. Masu cewa cin hanci ne ba su taɓa zaɓa tsakanin kuɗin jirgi da abincin dare ba. In asibitinku na da shi, ku karɓa.

Yanzu maganar da ke bakin kowa a ɗakin jira ita ce allurar Cabenuva, wadda aka amince da ita a 2021, ana yi duk wata ko duk wata biyu a maimakon ƙwayar kullum. Ga mai fama da shaye-shaye wannan babban sauƙi ne, na ga waɗanda ta canza wa rayuwa a rukunin su Auta. Shi ma ya ɗora rai a kanta. Sai dai ba ta taɓa ciwon hanta nau'in B, don haka ko ya koma allura dole ya ci gaba da haɗiyar wata ƙwayar kullum saboda hanta, likita ya ce gara ya zauna inda yake. Duk ɗan yankinmu da ake yi wa tayin allurar nan ya tabbatar an auna hantarsa kafin ya ajiye ƙwaya. Kuma allura na da ranarta, in ka tsallake ranar, ƙwayar cutar na iya bijire wa maganin, don haka ko a can ana buƙatar mai tunatarwa.

Ranar da za ku je, ku tambaya ko abokin tafiyar shi ma ya taɓa fama da shaye-shaye, don wasu HIV ɗin kawai suka sani, kuma ba ɗaya ba ne. Mace ta nemi a haɗa ta da mace. In jininku bai haɗu da wanda aka ba ku ba, kuna da ikon neman a canza, ba rashin kunya ba ne. Ku tambaya wa zai riƙe ku in shi ba ya nan, ku nemi ganin wannan mutumin tun kafin buƙata ta taso. Ku kuma tambaya me zai faru in wa'adi ya cika. Da na yi wannan tambayar, cewa aka yi za a iya tsawaitawa in likita ya rubuta cewa akwai haɗarin komawa baya. Likitan Auta ya rubuta, an ƙara masa wata shida, Kawu kuma ya fara jan sa zuwa darussan horo, wai ko wata rana a samu abokin tafiya mai jin Hausa a asibitin. Auta bai ce e ba tukuna, amma yana zuwa darasin.